Atisayen cikin ruwa ga mai ciwon gaɓoɓi: zurfi da sauri su ne awon maganin

Mai amosanin gwiwa yana tsaka mai wuya. An ce masa ya rage ƙiba, ya ƙarfafa tsokar cinya, amma tafiyar da za ta yi masa wannan aikin ita ce ke tayar masa da ciwo, har ta kai ga salla ma sai a kan kujera. Irin wannan mutum ne likitocin fisiyo, wato masu jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ke kai wa kwamin ninƙaya. Da yawa sun ɗauka ruwan ne ke warkarwa, shi ya sa za ka ga an shiga an jiƙa jiki rabin awa an fito. Motsin da mutum ke yi a ciki shi ne maganin. Amfanin ruwa shi ne yana ba da dama a auna nauyin da gaɓa za ta ɗauka da ƙarfin da tsoka za ta yi, a ƙara ko a rage yadda ake so, kuma abu biyu ake juyawa: zurfin ruwan da saurin motsin.

A fara da zurfi. Ruwa yana tura duk abin da aka tsoma a cikinsa sama, gwargwadon nauyin ruwan da abin ya ture. Idan mutum ya tsaya cik ruwa ya kai masa ƙugu, ƙafafunsa suna ɗauke da kusan rabin nauyinsa. Idan ya kai ƙasan ƙashin ƙirji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya rage. Idan ya kai wuya, abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Macen da ke da kilo 90 ke nan za ta tsaya da nauyin kilo 45 a ruwan ƙugu, wajen kilo 30 a ruwan ƙirji, kilo 9 kacal a ruwan wuya. Wannan lissafin na wanda ke tsaye ne. Da zarar ya fara tafiya, musamman da sauri, nauyin da ke sauka a kan ƙafa yana ƙaruwa. Saboda haka idan likitan ƙashi ya ce kada majinyaci ya ɗora wa ƙafar da aka yi wa aiki fiye da rabin nauyinsa, ruwan ƙugu bai isa ba. A kai shi ruwan ƙirji, ya yi tafiya a hankali.

Sauri kuma shi ne ma'aunin wahalar tsoka. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, kuma turjiyar da yake yi wa gaɓa tana ƙaruwa fiye da yadda ake zato: ka ninka saurin motsi sau biyu, turjiyar ta ninku kusan sau huɗu. Faɗin abin da ke tura ruwan ma yana da tasiri. Hannun da aka dunƙule ya fi sauƙin ja a kan wanda aka buɗe tafinsa, shi kuma ya fi sauƙi a kan wanda ya riƙe faifan roba. Abin da ya fi burge masu aikin a nan shi ne, majinyaci na jin zafi ya tsaya, turjiyar ta ɓace nan take. Ƙarfen ɗagawa ba ya yin wannan. Ko ka ji zafi sai ka sauke shi tukuna.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi da robar soso mai tasowa da ake ɗaura wa idon sawu. Robar kullum sama take son zuwa. Idan mutum yana tsaye ya ɗaga ƙafa gefe, robar ce ke ɗaga masa, tsokar wajen ƙugu ba ta yi wani aikin kirki ba; aikin yana wajen dawo da ƙafar ƙasa, kuma tsokar cikin cinya ce ke yin sa. Sai a shafe makonni ana zaton ana ƙarfafa wannan tsoka, alhali wata ce daban ke amfana. Amma ga gwiwar da ta sandare bayan tiyata, wannan halin na robar alheri ne. Majinyaci ya dafa bakin kwami, ya bar robar ta ɗaga diddigensa baya zuwa wajen mazaunai, gwiwa ta lanƙwashe ba tare da an danne ta da ƙarfi ba, ya riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ya tura ƙafar ƙasa da kansa. Turawar nan ita ce ke motsa tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke fara ramewa idan gwiwa ta daɗe tana ciwo.

Ruwa yana kuma matse jiki, kuma matsin yana ƙaruwa da zurfi. A zurfin mita ɗaya ya kai wajen 74 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, alhali safar matse ƙafa da aka fi bai wa masu kumburi tana tsakanin 20 da 30 ne. Wannan ya sa ƙafar da ta kumbura ke sacewa bayan an fito. Amma jinin da aka matso daga ƙafafu ƙirji yake komawa. Idan ruwa ya kai wuya, kusan mililita 700 na jini ke ƙaruwa a ƙirji da zuciya, numfashi kuma ya ƙara nauyi domin ruwan na danne haƙarƙari. Lafiyayye ba zai ma lura ba. Mai raunin zuciya kuwa, ko mai ciwon huhu da ya yi nisa, yana iya fara haki cikin 'yan mintuna. Ƙoda ita ma tana ganin kamar ruwa ya yi wa jiki yawa, sai ta ƙara fitsari. Mutum zai fito jiƙe sharkaf amma jikinsa na buƙatar ruwa, don haka a sha kafin a shiga da bayan an fito. A watan azumi gara a mayar da zaman bayan buɗa baki.

Ɗumin ruwan ba ado ba ne. Kwamin da aka gina don jinya ana riƙe shi ne tsakanin digiri 33 da 35, inda jiki ba ya jin sanyi ko da motsin kaɗan ne, tsoka ta saki, zafi ya lafa. Wanda zai yi aiki mai ƙarfi, kamar ɗan ƙwallon da ke gudu a ruwa mai zurfi bayan rauni, ya fi dacewa da digiri 26 zuwa 29, domin a ruwan ɗumi jikinsa ba zai iya fitar da zafi ba. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. A nan ne matsalarmu take. A garuruwa irin su Kano da Kaduna, kwamin da mutum zai fi samu na otal ne, kuma yawanci ba a ɗumama shi. A lokacin hunturu ruwan yana yin sanyin da zai sa tsoka ta ɗaure, mai ciwon ya fito da ciwon da ya fi wanda ya shiga da shi. Ga masu sikila abin ya wuce haka. Da yawansu kan ƙashin cinyarsu na lalacewa saboda jini ba ya isa gare shi, kuma atisayen ruwa yana daga cikin abin da ke taimaka musu su motsa ƙugun ba tare da nauyi ba; amma ruwan sanyi da rashin ruwa a jiki duk suna tayar da ciwon. Mai sikila kada ya shiga ruwan da ba a auna ɗuminsa ba, kuma yana fitowa ya goge jiki ya sa kaya nan take.

Zaman farko ga mai amosanin gwiwa bai kamata ya wuce minti 15 zuwa 20 ba, a ruwan ƙirji. Minti biyar na farko tafiya ce a hankali: gaba, baya, sannan gefe-gefe. A lura da ƙafar. Kusan kowane sabon shiga yana tafiya a kan yatsu, ya sunkuyo gaba, domin ruwan na ɗaga shi. Idan aka bar shi a haka sha-raɓa za ta ɗaure, kuma zai koyi tafiyar da ba za ta amfane shi a ƙasa ba. Diddige ya fara sauka, sannan tafin ƙafa, sannan yatsu, baya a miƙe. Daga nan a dafa bakin kwami a yi ɗan tsugunno sau 10, gwiwa na fuskantar yatsan ƙafa na biyu, kada ta karkata ciki. A ɗaga diddige sau 10. A kai ƙafa gefe a dawo da ita sau 10 kowane ɓari, ba tare da roba ba, ana tura ruwan da ɗan ƙarfi a tafiya da dawowa. A tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 20. Idan ya yi sauƙi, mai kula da shi ya kaɗa ruwan da hannu a gefensa ya ga ko zai iya riƙe kansa. A rufe da tafiyar hankali da miƙa tsokar bayan cinya da ta sha-raɓa. Sau biyu ko uku a mako, ana ƙarawa sannu a hankali har zaman ya kai minti 30 zuwa 45.

A ganina, wurin da aka fi yin ɓarna shi ne zaman farkon nan. Ɗumi da rashin nauyi suna ɓoye zafi, mutumin da ya yi shekara bai tsuguna ba ya ga yana tsugunawa, daɗi ya ɗebe shi ya yi awa guda. Kashegari gwiwa ta kumbura, ya ce ruwa bai karɓe shi ba, ya daina zuwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: idan zafi ya ƙaru ya wuce awa biyu bayan an fito, ko gaɓa ta kwana da kumburi, an wuce gona da iri, a rage a zama na gaba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ko a rage zurfi, ko a ƙara sauri, ko a ƙara yawan motsin. In an canza duka tare, ciwo ya tashi, ba wanda zai san wanne ne ya jawo.

Fitowa ma tana da nata haɗarin. Matsin ruwa yana sakin ƙafafu lokaci ɗaya, jijiyoyin jini sun buɗe saboda ɗumi, jini ya gangara ƙasa, jiri ya ɗebi mutum a kan tayil mai santsi. A fito a hankali ta matakala mai ƙarfen dafawa, a zauna minti biyar. Tsanin ƙarfe da ke miƙe a jikin bango, irin na otal, bai dace da mai raunin ƙafa ba ko kaɗan. Kuma majinyaci ba ya shiga ruwa shi kaɗai, ko da ya iya ninƙaya.

Akwai waɗanda sai sun jira: mai zazzaɓi, mai gyambo ko ɗinkin da bai kame ba, mai farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, wanda ba ya iya riƙe bayan gida, mai ciwon ƙirji na zuciya ko wanda zuciyarsa ta buga kwanan nan, da wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa. Mai gudawa ya bari sai ta tsaya da aƙalla kwana biyu. Mai ciwon suga ya sa takalmin roba, ya duba tafin ƙafarsa bayan an fito, domin ƙasan kwami na iya goge masa fata bai ji ba. Ruwan kansa a tambayi mai kula da shi: kilorin kada ya gaza miligiram 1 a lita, awon tsaminsa kuma tsakanin 7.2 da 7.8. Ruwan da ba ka ganin ƙasansa sarai, bar shi. Dam da kududdufi da rafin fadama kuwa ba wuraren wannan aiki ba ne, domin a can ake ɗaukar tsargiya, ƙwayar tana huda fata ne ta shiga.

Mata da yawa suna fasa zuwa saboda sutura, alhali abin yana da mafita: doguwar riga da wando na yadin roba da ke bin jiki, da hular da ba za ta zame ba, da lokacin da aka keɓe wa mata. Atamfa ko auduga mai faɗi tana shan ruwa ta yi nauyi, tana kuma ƙara turjiyar da ba wanda ya auna.

Ga masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda shan inna ta taɓa, aikin ya bambanta. Ɓarin da ya shanye ba ya tasowa daidai da mai lafiya, jiki sai ya riƙa mirginawa. Tsarin Halliwick na koyar da motsi a ruwa, wanda wani mai suna James McMillan ya fara a Landan a 1949 da yara mata masu naƙasa, ya ginu ne a kan wannan: a fara da sabo da ruwa da fitar da numfashi a cikinsa, sannan a koyi juya jiki da dawowa tsaye, kafin a zo maganar tafiya ko ninƙaya.

Kada a yi wa mutane alƙawarin da ya fi ƙarfin ruwa. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta fitar a 2016, wadda ta haɗa gwaje-gwaje 13 a kan masu amosanin gwiwa da ƙugu, ta sami raguwar zafi da ƙarin iya hidima, amma kaɗan, kuma na ɗan lokaci. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa. Ƙashi kuma nauyi yake buƙata kafin ya yi ƙwari, abin da ruwa ke ɗauke masa ke nan. Shi ya sa tun ranar farko ake tsara fita: daga ruwan ƙirji a dawo na cibiya, daga nan na cinya, ana haɗawa da atisayen ƙasa a gida. Bayan mako shida zuwa takwas a gwada majinyaci a busasshiyar ƙasa: sau nawa zai tashi daga kujera cikin daƙiƙa 30 ba tare da dafawa ba, zai iya hawa matakala, ya fara kaiwa sujada? Idan waɗannan ba su motsa ba, a sake duba tsarin gaba ɗaya.