Ja da kore sun rabu

Laraba, dare.

Yau sakamakon yaron nan mai shekara 14 ya fito, bayan kwana tara muna jira. Ƙari ne a ƙashin cinya. Tun ranar da na fara leƙa shi a madubin awo na ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, shuɗaye, a cunkushe, zuciyata ta ba ni sankarar Ewing ce. Amma ba a ɗora magani a kan zato, don cututtuka da dama suna da wannan kamar.

Samfurin farko da aka ciro daga ƙarin ya lalace, kuma abin yana ci min rai har yanzu. An jiƙa shi a asid mai ƙarfi don ƙashin ya yi laushi ya yanku, asid ɗin kuwa ya ɓata DNA ɗin. Da EDTA, wani sinadarin laushin ƙashi mai sauƙi, aka sa da ya tsira, sai dai shi yana cin lokaci. Allah ya taimaka akwai wani ɗan guntu mai laushi da ba a jiƙa ba.

Da shi muka yi gwajin FISH, wanda ke haska ƙwayoyin gado da launi a madubin awo. Ana kashe fitila, a sa wa ƙwayar gadon EWSR1 da ke kan kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 22 alama biyu, ja a gefe guda, kore a ɗaya gefen. In lafiya lau take, ɗigon biyu suna manne har su yi kamar rawaya. A nasa kuwa, ƙwaya bayan ƙwaya, ja na can, kore na can, wato ƙwayar gadon ta karye. Na daɗe ina kallo ban ce uffan ba.

Babbar likitarmu ta tuna min cewa wannan gwajin karyewar kawai ya nuna, bai faɗi da wace ƙwayar gado guntun da ya karye ya haɗe ba. A kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar, FLI1 ce daga kuromosom na 11. Rabin wannan ya manne da rabin waccan, sai su samar da baƙon furotin da ke kunna ƙwayoyin gadon da ya kamata su yi shiru. James Ewing ya bayyana cutar a 1921, amma sai a 1992 masu bincike a Faransa suka gano wannan haɗin. Osteosarcoma, wata sankarar ƙashi daban, ba ta da irin wannan tambari guda, kuromosom ɗinta a hargitse suke gaba ɗaya.

Da yamma mahaifiyarsa ta tare ni a bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Likita, don Allah kada ki ɓoye min. Daga wajena ya gado?"

Na ce, "A'a, Mama. A cikin ƙarin kaɗai wannan karyewar ta faru. Ba daga jininki ba ce, ba kuma daga na babansa ba."

Ta tambaya game da ƙannensa biyu, na ce ba gadon gida ba ne. Ta sa na sake maimaitawa. Sannan ta zauna a kan benci ta rufe fuska da tafin hannu, na zauna kusa da ita har aka kira ni.