Asabar a filin sukuwa

Gajiya ta hana ni barci, bari in sauke abin da ke cina tun rana.

Da sassafe mu likitocin dabbobi muka fara duba dawakin da za su yi gudu yau. Yaron barga zai riƙe linzami, ya sa doki sassarfa ya je ya dawo a kan ƙasa mai tauri, ni kuma in zuba wa kan dokin ido. Dokin da ƙafar gaba ke yi wa ciwo yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar nan ta taka ƙasa. Wani akawal ɗan shekara huɗu ya yi min haka, kaɗan ƙwarai, wanda bai saba ba ba zai lura ba. Na shafa jijiyar bayan ƙwaurinsa, na ji ɗumi. Na ce ba zai fita ba.

Mai horar da shi ya haɗe rai. "Haba Likita, jiya fa lafiya lau ya yi atisaye."

Na ce, "Malam, ka fi ni sanin dokin nan, amma taɓa nan ka ji." Ya taɓa, ya yi shiru, ya ja dokinsa. Na san ba ni yake jin haushi ba, amsar da zai ba mai dokin yake tunani. Mutane na ɗauka karayar da ake gani a tsakiyar tsere ƙaddara ce ta rana ɗaya. Mafi yawanta tsohon rauni ne a ƙashi, yana taruwa sannu a hankali har ranar da gudu zai ƙarasa shi.

Da rana kwamitin fili ya zauna kan yadda za a dawo da 'yan kallo, don rumfunan sun zama fayau. Wani ya ce a sa fitilu a koma tseren dare, kamar yadda ake yi ranar Laraba a Happy Valley ta Hong Kong. Wani ya ce kiɗa, wani ya ce a ɗauki matasa su riƙa zuba bidiyo a TikTok. Duk ba laifi. Da aka zo kaina na ce, ranka ya daɗe, kafin mu kira jama'a mu fara tabbatar da abin da za su gani. Yanzu kowa da waya a hannu, doki ɗaya ya faɗi aka kewaye shi da labule, kafin yamma duniya ta gani.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A 2019 dawaki fiye da 30 suka mutu a filin Santa Anita na Kalifoniya, hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa aka kafa dokar tarayya a ƙarshen 2020, ta haɗa ƙa'idojin magani da na lafiyar fili wuri ɗaya. Kafin nan kowace jiha da nata dokokin, maganin da aka hana a nan sai ka tsallaka iyaka ka ba dokinka. A Ostareliya, bayan dokin nan Anthony Van Dyck ya karye a gasar Melbourne Cup ta 2020, sai aka wajabta ɗaukar hoton ƙashin ƙafa da na'ura kafin gasar. Ingila ta rage dawakin da ke shiga Grand National, babbar gasarta ta tseren tsallake, daga 40 zuwa 34 a 2024. A shekarar nan ce kuma Makau ta ƙasar Sin ta rufe filinta, Singafo ma ta yi tserenta na ƙarshe a watan Oktoba bayan sama da shekara 180 ana yi. Sana'ar nan tana iya mutuwa a ƙasa, mun gani.

Abin da ban samu damar faɗa a zaman ba, shi ya fi tsaya min a rai, kuma wata yarinya ce ta tuna min da shi lokacin tsere na uku. Tana kan kafaɗar babanta, ta nuna wata goɗiya kili tana tambaya, "Baba, yaya sunanta?" Ya duba takardar hannunsa, ya ce lamba bakwai. Yarinyar ba lamba take nema ba. Jama'a doki suke so, wanda suka san sunansa da halinsa, su dawo baɗi su same shi. Mu kuwa da zarar ingarma ya yi suna sai a janye shi a kai shi barbara, don kuɗin can ya ninka na fili. Justify ya lashe manyan gasa uku na Amurka a 2018, tsere 6 kacal ya yi a rayuwarsa. Flightline ma 6, aka ajiye shi a 2022. Yaushe za a saba da su? Winx kuwa, goɗiyar Ostareliya, ta yi shekaru tana gudu, ta ci tsere 33 a jere, ranar bankwananta a 2019 filin Randwick cika ya yi maƙil. Kai, ko nasarar ma ba dole ba ce: Haru Urara ta Japan ta shiga tsere 113 ba ta ci ko ɗaya ba, amma ƙaunar da aka yi mata ta taimaka wajen ceto ƙaramin filin Kochi daga rufewa. Da ni ke rabon kuɗin kyauta, kaso mai tsoka zan ware wa dawaki 'yan shekara biyar zuwa sama, mai doki ya ga riba a barin dokinsa a fili.

Bulala kuma na gaji da gardamarta. Norwe ta hana dukan doki don ƙara gudu tun 1982, ana ci gaba da tsere a can. A Ingila duka 6 aka yarda da shi a tseren da babu tsallake. Yau na ƙirga na wani mahayi ya wuce haka nesa, dokin kuma na huɗu ya zo.

Da yamma abokina da ke kwamitin ya kira ni, ya ce maganata ta shige su, amma wa zai biya? Tambayar gaskiya ce. A yawancin ƙasashe caca ke riƙe da sana'ar, ni kuwa ba na son harkar da numfashinta ke hannun caca. Dubai da Saudiyya ba a caca a filayensu, amma Saudi Cup dala miliyan 20 take rabawa saboda aljihun gwamnati na bayanta, ba kowa ke da wannan gatan ba. Na ce masa mu fara da abin da hannunmu zai kai: a riƙa cire ɗan kaso daga kuɗin kyauta, kamar yadda ake yi a Ostareliya, a zuba a asusun duba ƙafa da kula da dawakin da suka yi ritaya, kowane doki kuma ya zama da rajistar da za ta nuna inda ya koma bayan ya bar fili. Ya ce masu dawaki za su yi ƙorafi. Na ce za su yi, ya dai sa maganar a ajandar zaman mako mai zuwa, ni zan zo da takardar.