Godiya ga Waɗanda Suka Riƙe Mini Labarin Har Ya Kai Ƙarshe

Assalamu alaikum. Ranar Asabar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muka rufe labarin jarumanmu da muka shafe sama da shekara muna ja. Ni ne mai jan labarin, kuma tun daren nan ake ta yaba mini. Idan na yi shiru na karɓe yabon ni kaɗai, na ci haƙƙin mutane. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin kowa ya ji an ambaci aikinsa a bainar jama'a, ko da ban kama suna ba.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum biyar ko shida ne za su zauna, kowa da takardar jaruminsa a hannu. Mai jan labari ya faɗi halin da ake ciki, 'yan wasa su faɗi abin da jarumansu za su yi, sai a fitar da lamba a ga ko abin ya yiwu. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu cewa "ta zo mu ji ta" su ma suna da bakin juya ta. Asalinsa daga Amurka yake, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Na jarumai masu tashi sama da ɗaga mota da hannu ɗaya ya biyo baya, irin su Villains and Vigilantes a 1979 da Champions a 1981. Mu da Mutants & Masterminds muke wasa, wanda Steve Kenson ya tsara, kamfanin Green Ronin ya fara fitar da shi a 2002. Kowa ya sami maki 150 ya gina jaruminsa, muka ajiye labarin a Kano, garin da muka san lungunansa.

Muna wata na biyar da farawa na yi hatsari a babur, ƙafata ta dama ta karye wuri biyu. Jakata ta faɗa kwata, littafin da na tsara labarin gaba ɗaya a ciki ya jiƙe, ko layi guda bai karantu ba. Bayan an sallame ni daga asibiti, ga ciwo, ga zaman wuri ɗaya, kaina ya toshe. Na aika wa abokan wasa cewa a haƙura. Asabar na zagayowa sai na ji sallama a zaure. Ga su nan su biyar, da tabarma da fulas ɗin shayi. Suka ce ba sai na tuna abin da ya ɓata ba, in dai buɗe baki kawai, su za su kawo sauran.

Na fara da Malam, abokinmu mai koyarwa a Islamiyya. Tun zaman farko ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da jefa ƙwaya irin ta ludo ba, ko da babu ko kwabo a ciki. Da yake wannan wasan ƙwaya ɗaya tak yake buƙata, mai fuska 20, sai ya yanka takardu 20, ya rubuta 1 zuwa 20, ya zuba a hularsa. A zara, a duba, a mayar. Shi ne kuma ya ce kada ƙarfin jarumanmu ya fito daga tsafi ko aljanu, sai muka mai da shi hatsarin ɗakin gwaje-gwaje. Saboda waɗannan abubuwa biyu ne wasan ya iya shiga gidanmu ba tare da an ɗaga gira ba. Malam, Allah Ya ƙara ilimi mai amfani.

Sai Umma. Tana wucewa da kwanon tuwo ta ji ana cewa Guguwa, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ya rufe fuska, babu wanda ya san ko shi wane ne a unguwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "A cikin birnin nan? Ai ko buhu ya shiga, tafiyarsa za ta tona shi. Yaron da uwarsa ta yi wankan jegonsa a gabanmu?" Muka yi shiru. A labaran Amurka jarumi yana ɓuya ne saboda birnin ya yi girman da maƙwabci bai san maƙwabci ba. A lungunan Dala kuwa hakan ba zai yiwu ba. Sai muka juya abin: duk unguwa ta san Guguwa ɗan gidan wane ne, daga mai unguwa har mai ƙosai, amma kowa ya kama bakinsa. Daga nan aka kawo baƙo mai raba kuɗi yana neman wanda zai faɗa masa suna, a daidai lokacin da wani dattijo a layin yake neman kuɗin aikin ido. Zama huɗu muka yi a kan wannan, ba a kai naushi ko ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin 'yan wasa sun zauna a gefen tabarma da irin wannan fargaba ba. Umma, ke kika koya mana cewa rufin asiri ya fi kowane takunkumin fuska ƙarfi. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Yayana yana sayar da yadi a Kantin Kwari. Ya zo duba ni ya tarar an gama wani faɗa, jarumai sun jefar da mugu ta cikin shaguna bakwai suna murna. Tambaya ɗaya ya yi: "To wa zai biya?" Ya bayyana mana cewa da yawan kayan da ake gani a shago na amana ne, an karɓo ne sai an sayar a biya. Mutum guda ya durƙushe, waɗanda ke bayansa ma sun tafi. Daga bakinsa muka sami mugun da bai taɓa ɗaga hannu ba: yana bin sawun jarumai, duk inda suka yi ɓarna sai ya saye bashin 'yan kasuwar, har rabin layi ya koma hannunsa. Yaya, na gode. Tun ranar babu ɗan wasan da ke jifa da mota bai fara tambayar ta wace ce ba.

Wanda ya ba mu ƙashin bayan labarin kuwa shi ne abokinmu ɗan Haɗejiya. Ni da, tunanina a kullum shi ne in ƙara wa mugu ƙarfi: wannan ya fi na baya, na gaba ya fi wannan. Kuskure ne, domin jarumin da ke ɗaga tirela ba ya jin tsoron mai ɗaga tirela biyu, sai dai a daɗe ana zarar takarda. Shi ya ce a ba su abin da ƙarfi ba ya warwarewa, ya kawo maganar ruwa. Madatsar Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da noman rani na Kura da Kadawa da Bunkure, ga shinkafa ga tumatir ga alkama. A 1992 aka ƙara ta Challawa. Amma a can ƙasa, fadamun Haɗejiya da Nguru sun dogara ne da ambaliyar damina, ta zo ta ja baya ta bar wa manomi danshi, ta bar wa masunci kifi, ta bar wa makiyayi ciyawa. Da aka tare kogin, tafiyar ruwan ta canza, ciyawar kacalla ta cika hanyoyinsa, wani wuri ya bushe, wani ya dawwama a cikin ruwa. Ya faɗi wannan ne da muryar wanda ya ji shi daga bakin kakansa.

A kan haka muka ƙirƙiro tsohon injiniya ɗan fadama, muka sa masa suna Kacalla, wanda ya rantse sai ya buɗe ƙofofin madatsar gaba ɗaya a dare guda. Idan ya yi, garuruwa za su nutse. Idan aka kama shi aka ɗaure, mutanensa suna nan cikin halin da suke. Jarumai biyu suka ce yana da gaskiya, biyu suka ce mai kisa ne, na biyar ya rasa gefen da zai tsaya. An yi musu har shayi ya huce. Ina kwance da ƙafa a kan matashi, na manta da ciwon. Ɗan'uwa, labarin nan naka ne fiye da nawa.

A dokar wasan, kowane jarumi sai ya zaɓi aƙalla matsala biyu da ke bin rayuwarsa, kuma duk lokacin da ɗaya ta taso masa a labari, ana ba shi makin jarumta da zai yi amfani da shi a gaba. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin cike gurbi a takarda, sai da maiɗakina ta nuna mini amfaninsa. Ta ga an rubuta wa wani jaruminmu mai suna Tsawa "yana neman aure", ta ce ai dangin yarinya za su yi bincike, kuma abu na farko da za a faɗa musu shi ne ba ya kwana a gida. Ina yake zuwa? Ya faɗi gaskiya ya jefa yarinyar a haɗari, ko ya yi shiru a hana shi. Ta kuma sa ranar ɗaurin auren ta faɗo daidai da ranar da Kacalla ya ɗiba. Ita ce ta yi ta ɗawainiya da ni da baƙina duk tsawon jinyar, ba ta taɓa nuna gajiya ba. Allah Ya biya ki da gidan Aljanna.

Ƙanina ya sayi sabon littafi yana rubuta duk abin da ya faru a kowane zama, don kada a sake asara. Shi ya kawo dabarar hazon hunturu da ke rage wa jaruma mai ƙarfin rana kuzari, da ta tsohon jarumin da ya yi ritaya ya ƙi yarda ya koya wa kowa. Mai shayin bakin layinmu ya riƙa aiko mana da fulas ba ya karɓar kuɗi. Maƙwabta sun yi haƙuri da hayaniyarmu. Duk na gode.

A daren ƙarshe Guguwa yana riƙe da ƙofar madatsa, Tsawa ya baro wajen ɗaurin aure da babbar riga a jikinsa, ya tsaya gaban Kacalla yana lallashinsa. Aka miƙo hula, ya zaro 3. Ɗakin ya yi tsit. Sai ya tuna da makin jarumtar da ya samu ranar da surukai suka titsiye shi, ya ba da shi aka sake zara, 17 ta fito. Kacalla ya saki makullin, bisa sharaɗin jaruman za su raka shi ya faɗi kukan mutanensa a gaban hukuma. Ɗan Haɗejiya ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba.

Yanzu ina takawa da sanda ɗaya, likita ya ce nan gaba kaɗan ita ma zan ajiye ta, alhamdu lillahi. Bayan Sallah za mu buɗe sabon labari, kuma wannan karon ƙanina ne zai ja, ni zan riƙe takardar jarumi. Malam, hularka tana wajena da takardunta 20 cif, na ajiye ta a kan durowa.