Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya da Mu a Tafkin Sakumono

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, mun kammala ƙidayar baƙin tsuntsaye masu ƙaura ta watan Janairu a tafkin Sakumono da ke kusa da Tema a ƙasar Ghana, kowa ya koma gida lafiya.

Godiyata ta farko ga matasanmu na Nima, Mamobi da Ashaiman. Ana idar da sallar asuba suka hau turoturo, wato motar haya, ga hazo ga sanyin hunturu, madubin hangen nesa biyu kacal muke karɓa-karɓa, ba wanda ya yi ƙorafi. Hajiyarmu da ta aiko da koko da ƙosai, Allah ya ƙara buɗi.

Baba masunci, ban san da bakin da zan gode maka ba. Lokacin da ƙaninmu ya nutse cikin laka har cinya, littafin ƙidaya a ɗage sama da kansa, kai ka bar komarka ka miƙa masa sanda. Daga baya ka nuna mana tudun yashin da garken ke sauka idan ruwa ya janye. Rabin abin da muka rubuta daga nan ya fito.

A bakin teku kuma muka ga ɗan tsuntsun nan fari-fari da ke tsere da igiyar ruwa, ƙafarsa ɗauke da zobba masu launi. Irinsa a can ƙarshen arewacin duniya suke ƙyanƙyasa, wajen su Girinlan, sanyi ya koro su gaɓarmu. Bai cika tafin hannu ba! Na daɗe ina kallonsa, na tuna kakata da ke cewa in shamuwa ta iso a gyara fartanya. Mun rubuta jerin launukan, ƙafar dama da ta hagu, mun aika wa masu bincike.

Muna kuma jinjina wa Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu, masaniyar tsuntsaye, da ƙungiyar kare namun daji ta Ghana Wildlife Society, da suka share wannan hanya ta ƙidaya da kare tsuntsaye tun da daɗewa.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Tun 1992 tafkin nan yake cikin wuraren da yarjejeniyar ƙasashen duniya kan fadamu da tafkuna, wato Ramsar, ta kare, amma gine-gine na ta cin gefensa, leda kuwa har cikin ciyawar da tsuntsayen ke kiwo. Yaran da suka cika buhu huɗu da shara kafin mu tashi, Allah ya yi muku albarka.

Fita ta gaba bakin kogin Densu ce in Allah ya yarda, kafin baƙin namu su juya arewa. Mai zuwa ya taho da takalmin roba.