Yadda but ɗina ya tsira daga taɓon Agusta

Takalmin da nake magana a kai but ne ruwan ƙasa, irin fatar nan da ake kira suwed, mai laushi kamar karammiski. A gwanjon Ƙofar Wambai na saye shi shekara uku da suka wuce, kuma duk cikin takalmana shi ne kaɗai nake yini da shi ƙafata ba ta gaji ba.

Ranar wata Laraba cikin Agusta ruwa ya tare ni a hanyar dawowa daga Dawanau. Babur ya mutu, sai da na tura shi cikin taɓo har idon sawu, ga ɗigon baƙin mai a kan ƙafar hagu. Ina isa gida na ɗebo ruwa a bokiti, na zuba garin sabulu. Allah ya sa a ƙofar gida na zauna. Maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana dukanci a Kasuwar Kurmi, ya hango ni daga kan tabarmarsa.

"Ɗana, me za ka yi da ruwan nan?"

Na ce, "Baba, wankewa zan yi."

Ya karɓi takalmin ya jujjuya. Ya ce suwed cikin fata ne, ɓangaren da ke manne da nama, shi ake karcewa har ya yi gashi-gashi. Ba shi da santsin da zai kore ruwa, shanyewa yake yi. In ya sha ruwan sabulu ya bushe, sai ya ƙandare kamar ganda. Ya sa na cusa tsofaffin jaridu a ciki don ya riƙe siffarsa, na ajiye a zaure inda iska ke ratsawa. Ya gargaɗe ni kan rana da bakin murhu.

Kwana biyu ban taɓa shi ba, kuma nan ne wahalar take, don kullum na wuce sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Da taɓon ya bushe ƙarau, na buga ƙasan takalman da juna, fiye da rabi ya zube da kansa. Sauran na bi da tsohon burushin haƙori, a hankali, ina sharewa gefe guda. Inda ya yi duhu na murza da farar robar goge fensir ta ƙanwata. Layin da ruwa ya bari kuwa, ɗan ruwan khal na ɗiga a tsumma na dangwala, warin ya tafi da ya bushe.

Baƙin man ne ya ba ni aiki. Na barbaɗa garin sitaci ya kwana, da safe na kaɗe, na sake har sau uku. Daga ƙarshe na kanga takalmin a tururin butar shayi na ɗan lokaci, na taje da burushi, gashin ya miƙe.

Abu ɗaya nake roƙon masu irin wannan takalmi: kada ku bari a shafa masa folish. Na ga na wani abokina da mai shushaina ya yi wa haka da kyakkyawar niyya, gashin ya kwanta ya daskare, bai sake tashi ba. Folish na fata mai santsi ne. Ita mai santsin, ko tsumma mai danshi ya ishe ta, sai ɗan man kaɗanya in hunturu ya shigo don kada ta tsattsage, ko da yake yana ƙara mata duhu.

Har yanzu akwai ɗan tabo a kan yatsan hagu, girmansa bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ranar Juma'a na sa shi zuwa masallaci, da na dawo na tsaya wajen Baba. Ya shafa da babban yatsansa, ya ce in ƙara masa sitaci kwana ɗaya.