Bessie Coleman a jikin kuɗi

Jiya na karɓi canji a wani shago nan Chicago, ina dubawa sai ga mace da hular matuƙan jirgi a jikin sulallan senti 25 na 2023, ashe Bessie Coleman ce. Wallahi jikina ya yi sanyi. Baiwar Allahn nan fa gyaran farce take yi a garin nan, makarantun tuƙin jirgi suka ƙi ɗaukarta don mace ce kuma baƙar fata, ta dage ta koyi Faransanci ta tafi Faransa ta samo lasisinta a 1921. A 1926 ta faɗo daga jirgi ta mutu, shekararta 34 kacal. Sai bayan ba ta aka sa hotonta a jikin kan sarki na gidan waya a 1995, har wani titin mota aka sa wa sunanta a filin jirgin O'Hare na nan Chicago, ku ji fa!