Sa hannun da ya cinye mana wutsiyar lambatu

Lambatun unguwarmu bai kai mayo ba, wato rafin garinmu. Ya taso daga bakin kasuwa, ya ratsa tsakiyar unguwa, ya wuce masallacin Juma'a, sai ya tsaya cak a bayan gidajen talakawa, saura abin da bai wuce jifan dutse ba ya faɗa yashi. Duk ruwan da ya kwaso daga tudu a nan yake amayar da shi. A takarda kuwa aiki ya kammala, an karɓa, an biya, kuma a ƙasan takardar akwai sa hannun ɗan unguwarmu yana shaida cewa komai lafiya lau. Wannan sa hannun ne har gobe yake ci mini rai. Masu zama a kwamitin unguwa irina, ko a Garwa kuke, ko Marwa, ko ƙananan garuruwa irin namu da ke tsakaninsu a nan arewacin Kamaru, ku ji yadda aka yi.

Ni mai sayar da kayan babur ne. An ba ni sakataren kwamiti ne saboda na ɗan taɓa lise, wato sakandare, ina karanta Faransanci ba sai an fassara mini ba. Yadda aikin ya shiga kasafin kuɗi ba dogon labari ba ne. Bayan zaɓen 9 ga Fabrairun 2020 muka samu ɗan unguwa cikin kansiloli 25 na garin, ya dage, aka sa lambatun a kasafi a zaman ƙarshen shekara, ferefe, wato wakilin gwamnati a yankinmu, ya amince, aka yi tallar kwangila, wani kamfani ya ci. Aka kafa allo da sunan kamfanin da wa'adin aiki. Damina ta hana farawa, sai bayan an cire gyaɗa aka fara sauke yashi da tsakuwa.

Sa ido kam mun sa, wannan ba mai ƙwace mana shi. A kwamitinmu akwai wani dattijon magini da ya yi aikin gadoji a ƙuruciyarsa. Shi ya gaya mana kankare mai rodi ƙa'idarsa kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7. Ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gindin darbejiya, kullum da la'asar yana tattara fankon buhunan simintin Figil yana ƙirgawa. Ranar da aka sauke wani siririn rodi, tashi ya yi ya zaro ɗaya, ya tanƙwara shi a gwiwarsa a gaban leburori, ya ajiye, bai ce uffan ba. Washegari mota ta zo ta kwashe su ta kawo masu kauri. Muna nan muna alfahari mun tsare siminti, ashe a ofis ake datse tsawon aikin.

Da ma'aikata suka fara naɗe kayansu a watan Fabrairu, na tambayi shugabansu ina sauran da zai kai mayo. Ya ce injin haƙa ne ya lalace, za su dawo. Magana ta wuce a haka.

Sai wata ranar kasuwa a watan Maris, da tsakar rana, zafin da ko akuya ba ta fitowa. Duk wani mai ƙarfi a unguwa yana rumfarsa, ni ma ina shagona ina auna man inji. Motoci suka shigo da tawagar karɓar aiki: mutanen meri (ofishin magajin gari), injiniya, ɗan kwangila. Ba wanda ya kira sakatare, ba wanda ya kira magini. Lawan ya tafi ta'aziyya ƙauye, sai aka aika yaro ya taso ƙanensa daga barcin rana, dattijo mai kusan shekara tamanin, aka ce ya zo a madadin jama'a. Suka zaga da shi ta ɓangaren kasuwa inda aikin ya yi kyau, aka ba shi lemo mai sanyi, aka shimfiɗa takarda a kan bonet ɗin mota.

Sai da magariba labari ya iske ni. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, me suka ce maka takardar ta ƙunsa?"

"Ɗana, cewa suka yi shaida ce na halarta. Sai na rubuta sunana."

Da ajami ya rubuta, da kyakkyawan hannu irin na wanda ya sha allo. Ban ga laifinsa ba, kuma ba zan taɓa gani ba. Laifin na wanda ya zaɓi ranar kasuwa ne, ya zaɓi azahar, ya zaɓi mutumin da ba ya karanta boko. Ba zan yarda wai sa'a ce ta haɗa ukun nan ba.

A lokacin ba wanda ya san girman ɓarnar, don lambatu a watan Maris rami ne kawai da kaji ke fakewa a ciki. Wanda ya san ƙasar nan ya san mayo yashi ne zalla wata takwas, sannan a Agusta ya tashi da ƙarfin da a ƙarshen Agustan 2020 ya karya gadar Palar a Marwa. Namu ruwan ya sauko ne wani dare bayan isha. A da yakan bazu cikin lunguna, kowa ya samu rabonsa kaɗan-kaɗan. Yanzu mun gina masa hanya mai santsi, ya taru wuri guda ya zo da gudu, ya iske hanya ta ƙare, sai ya shiga gidaje. Katangun laka suka zube. Da asuba na iske wata gwauruwa mai sayar da ƙosai tana kwasar jiƙaƙƙen wake da ƙwarya daga ɗakin da ya rufta, tana shanyawa a kan ƙyauren da ruwa ya tumɓuke. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam sakatare, wannan ne aikin da kuka roƙo mana?" Ban samu abin cewa ba.

Shi kansa lambatun bai tsira ba. Inda ya ratsa baƙar ƙasar karal, wadda ke kumbura idan ta sha ruwa ta tsattsage da rani, bango ɗaya ya kwanta ciki, wani wurin kuma ƙasansa ya dare.

Na tafi meri neman takardun aikin. Wani ma'aikaci ya ce wannan sirrin ofis ne. Na ce masa yallaɓai, dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamban 2019 ta ba duk mazaunin gari da duk mai biyan haraji damar ya nemi a nuna masa kasafin kuɗi da takardun zaman majalisa da lissafin kashewa, ya yi kwafi da kuɗinsa. Na rubuta buƙatar a takarda na miƙa. Ya ɗan yi tsaki, amma bayan sintiri aka ba ni abin da aka ba ni, kansilanmu kuma ya samo sauran. A nan na ga abin. Ana tsakiyar aiki aka fitar da wata takardar umarni ta sauya lissafi: an rage tsawon lambatu daga ƙarshe, kuɗin an mayar da shi murafun kankare a ƙofar wasu gidaje da shaguna, wai don motoci su riƙa shiga. Gidajen su wane ne, ku ƙiyasta da kanku. Takardar karɓar aiki kuma, wurin da aka bari don rubuta ƙorafi, layi ɗaya aka ja. Babu ƙorafi.

Injiniyan da na je wurinsa mutumin kirki ne, ya zaunar da ni ya warware mini. Ya ce aikin gwamnati sau biyu ake karɓarsa. Akwai karɓar wucin gadi ranar da aka gama, sai a ƙirga wa'adin garanti, a aikinmu wata 12, sannan a yi karɓar ƙarshe. Tsakanin biyun ana riƙe wa ɗan kwangila wani kaso na kuɗinsa, dokar kwangiloli ta 2018 ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Duk abin da ya lalace a wannan shekarar saboda rashin ingancin aiki, dole ya gyara kafin a sakar masa kuɗin.

"To wutsiyar fa, ranka ya daɗe?"

Ya girgiza kai. Ya ce abin da ya fashe bayan karɓa daban, abin da ido ke gani ranar karɓa aka yi shiru daban. Rashin kaiwa mayo ba ɓoyayyen aibu ba ne, makaho ma zai lalubo shi da sanda, kuma takarda ta riga ta halatta shi. Da a ranar an samu mutum ɗaya ya ce ba zai sa hannu ba sai an rubuta cewa ruwa ba shi da mafita, da magana ta koma teburin magajin gari tun kuɗi bai fita ba. Jimla ɗaya. Na fito ofishin nan ina jin kamar in zauna a ƙasa.

Abin da ya saura a hannunmu shi ne kashi 10 ɗin nan, muka riƙe shi gam. Ga inda nake so ku buɗe kunne. Garantin wata 12 damina ɗaya tak yake ɗauke da ita, kuma idan an karɓi aiki da rani, karɓar ƙarshe ma da rani za ta faɗo. Kafin tawaga ta dawo, ruwa ya janye, iska ta cike tsagar da ƙura, yaran ɗan kwangila sun shafa siminti a sama da daddare. Shaidarku a Agusta take, ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ɗauki hotuna ruwa na gudu, da mutum tsaye a cikin ramin don a ga zurfinsa. Muka rubuta wasiƙa ga magajin gari, kwafi ga ferefe da injiniya, kowane wuri sai an buga mana hatimi da kwanan wata a kan namu kwafin kafin mu fito. Wasiƙar da ba hatimi a kwafinta, ku ɗauka ba ku rubuta ba. Ku kuma tambaya tun wuri ko kuɗin a hannu aka riƙe ko takardar lamunin banki ɗan kwangila ya ajiye a madadinsa, don doka ta yarda da duka biyun, kuma wanda kuɗinsa ke kwance a baitulmali ya fi saurin amsa waya.

Namu bai amsa ba sai da wa'adi ya matso. Ya fara aiko da gaisuwa wurin Lawan, har da buhun shinkafa, Lawan ya mayar masa. Da ya ga ba za a zauna karɓar ƙarshe ba, ya dawo da ma'aikata suka fasa bangon da ya kwanta, suka haƙa har suka wuce baƙar ƙasa, suka zuba jar ƙasa suka daddaɓe kafin kankare. Magininmu ya koma gindin darbejiyarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar karɓar ƙarshe mu shida muka tsaya, na karanta takardar da ƙarfi ina fassarawa da Hausa da Fillanci kafin kowa ya taɓa biro. Wani cikin tawagar yana ta duba agogo. Ko a jikina.

Amma wutsiya ta tafi, yanzu sabon aiki ce, sai ta bi layi. Wannan ya sa na fara halartar zaman majalisa, wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa sai dai ba mai zuwa. A can na gane asusun garin bai kai yadda muke zato a rumfunan shayi ba. Abin da gari ke tarawa da kansa tikitin kasuwa ne, da na kara ranar da aka kawo shanu, da tasha, da hayar shaguna, da kuɗin takardu. Babban kason shi ne ƙarin kashi 10 cikin 100 da ake ɗorawa a kan wasu harajin ƙasa don ƙananan hukumomi, wanda ake rabawa ta hannun FEICOM, asusun da aka kafa tun 1974, kuma zango-zango yake zuwa. A 2019 gwamnati ta ware wa kowace ɗaya cikin ƙananan hukumomi 360 sefa miliyan 100 ta ayyuka. Kuɗi ne a baki, amma ku raba shi tsakanin ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakin shan magani da ƙauyukan da kowanne ke da kansilansa, ku ga abin da zai rage wa lambatun da a takarda an riga an gama shi. Doka ta ce aƙalla kashi 40 na kasafi ya tafi ayyukan raya gari, gudanarwa kada ta wuce 60. A rubuce haka yake fitowa kowace shekara, amma idan kuɗi ya shigo albashi ake fara biya, kuma magajin gari umarni kawai yake bayarwa, ma'ajin gari ne ke fitarwa, shi kuwa ba ya biyan abin da babu a asusu.

Da na tashi na yi maganar wutsiyar bayan an rufe zama, wani kansila daga ƙauye ya ce, "Alhaji, ku kun samu naku, mu har yanzu a mayo muke tonon ruwan sha." Gaskiya ya faɗa. Ba shi ya sa aka taso tsoho daga barci ba, amma shi da mutanensa za a rage wa idan aka ba mu, kuma duk saboda layi ɗaya da aka ja a takarda ranar kasuwa.

Kafin damina muna yin gayya, matasa su haƙa rami na ƙasa daga bakin lambatun zuwa mayo, mu jera buhunan yashi a gefe. Ruwan farko na Agusta yakan cinye rabinsa, mu sake. Mun kuma kai wasiƙa meri, da hatiminta, ɗauke da sunayen mutum biyu masu karanta Faransanci da lambobin wayarsu, cewa duk wata karɓar aiki a unguwar nan su ne wakilan jama'a, kuma a sanar da su a rubuce kafin ranar. Kansilanmu ya ce wutsiyar tana cikin jerin ayyukan baɗi. Mai gonar da za ta ratsa ta cikinta kuma ya fara cewa sai an biya shi diyya, kuma wannan kuɗin ba ya cikin lissafin kowa.